Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙungiyoyin Gurguzu Masu Neman Juyin Juya Hali

Zuwa ga shugabanni da mambobin ƙungiyoyin gurguzu da na kwaminisanci na kowane tsagi: mabiya Lenin, mabiya Trotsky, mabiya Mao, masu cewa majalisun ma'aikata sun wadatar ba sai da jam'iyya ba, da waɗanda ba su yarda a kafa gwamnati kowace iri ba.

'Yan'uwana abokan gwagwarmaya, ina gaishe ku, ina yi muku sannu da ƙoƙari.

Da gangan na haɗa ku a takarda ɗaya, ko da yake na san wasunku za su ji haushin ganin sunansu a layi ɗaya da na wasu. Ni ɗan gida ne. Na yi shekaru ina raba takardu a ƙofar masana'antu, na zauna a ajin dare muna bin rubuce-rubucen Marx layi-layi, na kwana a tarukan da ake shiga da la'asar a fito da asuba. Har gobe ina nan a kan bakana cewa tsarin da 'yan tsiraru ke mallake gona da masana'anta da banki, sauran jama'a kuwa ba su da abin sayarwa sai ƙarfin jikinsu, tsarin zalunci ne, kuma ana iya kawar da shi. Don haka kada ku ɗauki maganata a matsayin jifa daga waje. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai wani taro da ya ƙi fita daga raina. A lokacin ƙungiyarmu ba ta kai mutum arba'in ba. Mun kwashe kusan wata uku muna jayayya a kan tambaya guda: Tarayyar Sobiyet, wadda ta riga ta rushe tun 1991, ƙasar ma'aikata ce da ta lalace, ko kuwa jari-hujja ce da gwamnati ta riƙe a hannunta? Tambaya ce mai ma'ana, ban raina ta ba har yau. Daren da aka kaɗa ƙuri'a, mutum goma sha ɗaya suka sha kaye. Suka nemi a ba su shafi biyu a mujallar ƙungiya su bayyana ra'ayinsu, aka hana, wai hakan zai raba kan mambobi. Kafin mako biyu an kori uku, sauran suka bi su. Cikin waɗanda suka tafi har da baiwar Allah da ta fi kowa a cikinmu sanin ma'aikatan masaƙa, wadda in ta kira taro sai ka ga mutum ɗari sun fito. Ni ma na ɗaga hannu tare da masu rinjaye. Har yanzu ina ganin ra'ayinmu ya fi kusa da gaskiya, amma korar nan kuskure ce babba, kuma da hannuna a ciki.

Tun daga daren nan nake karanta tarihinmu da wata tambaya dabam a raina. Mun ƙware a tambayar wa ke da gaskiya. Wadda muke kauce wa ita ce: wanda ya sha kaye a muhawara, yaya za a yi da shi? A hannun ƙungiyar mutum arba'in, amsar kora ce. A hannun jam'iyyar da ke da soja da kurkuku, sau da yawa amsar ta zama harsashi. Hali ɗaya ne a wuraren biyu, bambancin kawai abin da ke hannu.

Kada wani ya zaci ina kira ne a daina gardama a rungumi juna. Gardamar da ta raba mu tun farko ta gaske ce. A taron Hague na 1872, inda aka kori Bakunin, jagoran masu ƙin gwamnati, daga Ƙungiyar Ma'aikata ta Duniya, magana ce a kan gwamnati: ma'aikata su ƙwace ta su yi aiki da ita, ko su rushe ta nan take? Marx yana da hujja da ya ce masu dukiya ba za su sallama don an roƙe su ba, dole sai da iko a hannu, kuma yana da hujja da ya yi ƙorafin ƙungiyoyin asiri da Bakunin ke kafawa a cikin ƙungiyar. Shi ma Bakunin ya hango wani abu da ya yi gargaɗin cewa ma'aikacin da ya hau kujerar mulki ya daina zama ma'aikaci, zai koma kallon tsoffin abokan aikinsa daga sama. Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Aka kori ɗaya, aka mayar da hedikwata New York, bayan shekara huɗu ƙungiyar ta mutu. Abin da ke ba ni takaici shi ne, duka ɓangarorin biyu suna alfahari da Kwamin ɗin Faris na 1871, wato mulkin da ma'aikata suka kafa a birnin Faris, wanda ya yi kwana 72 kacal, kuma a cikinsa ana zaɓen wakili, ana iya tsige shi kowane lokaci, albashinsa bai wuce na ƙwararren ma'aikaci ba. Maganin tsoron Bakunin yana cikin abin da Marx da kansa ya yaba.

Rosa Luxemburg, jagorar 'yan juyin gurguzu a Jamus, ta ga haɗarin tun da wuri. A 1918, tana kurkuku a Jamus, ta yi rubutu tana jinjina wa 'yan Bolshebik, jam'iyyar Lenin da ta karɓi mulki a Rasha, saboda sun yi abin da sauran jam'iyyun gurguzu suka kasa, amma a nan take ta soki rusa majalisar tsara mulki da toshe bakin jaridu. A nan ne ta ce 'yanci a kullum 'yancin mai ra'ayi dabam ne. Ta yi gargaɗin cewa in babu zaɓe da 'yancin taro da na jarida, rai zai fita daga majalisun ma'aikata, ma'aikatan ofis kaɗai za su rage suna juya komai. Ba maƙiyiyar juyi ce ta faɗi haka ba. Ranar 15 ga Janairu 1919 sojojin sa-kai na 'yan ra'ayin riƙau suka kashe ta tare da Karl Liebknecht a Barlin, suka jefa gawarta a ruwa, a ƙarƙashin gwamnatin jam'iyyar SPD wadda ita ma ke kiran kanta ta gurguzu. Kusan kowane tsagi a cikinku yana rataye hotonta. Kaɗan ne ke aiki da gargaɗinta.

In da za a ce in zaɓi wata guda da ya kamata kowane sabon mamba ya yi nazarinsa kafin a ba shi kati, Maris na 1921 zan zaɓa. Yaƙin basasa ya ƙare a Rasha, amma ƙasar ta zama kufai. Abin da masana'antu ke samarwa ya koma kusan kashi ɗaya cikin biyar na kafin yaƙi, mutanen Petrograd sun ragu da kusan kashi biyu cikin uku, manoma na tawaye saboda ƙwace musu hatsi, ma'aikata sun shiga yajin aiki. Sojojin ruwa na sansanin Kronstadt da ke kusa da Petrograd, waɗanda suka kasance ƙashin bayan juyin 1917, suka tashi suna neman a sake zaɓen majalisun sobiyet, wato majalisun ma'aikata, ta ƙuri'ar sirri, a ba ma'aikata da manoma da sauran jam'iyyun gurguzu 'yancin magana. A daidai lokacin jam'iyya na babban taronta na goma a Mosko. A cikinta akwai wani tsagi ƙarƙashin Shliapnikov, tsohon ma'aikacin ƙarfe, da Alexandra Kollontai, masu cewa a bar ƙungiyoyin ƙwadago su gudanar da tattalin arziki domin jam'iyya ta fara nisa da ma'aikata. Taron ya yi abu uku: ya sassauta wa manoma, ya goyi bayan murƙushe Kronstadt, ya kuma haramta kafa tsagi a cikin jam'iyya, har da wani sashe na asiri da ya ba kwamitin tsakiya ikon korar mambansa in kashi biyu cikin uku suka yarda.

Ku dubi ƙarshen manyan mutanen wannan wata, har da waɗanda suka amince da dokar nan. Karl Radek ya miƙe ya faɗa a fili cewa yana jin wata rana za a iya juya ta a kansu, amma duk da haka yana goyon baya. Ya mutu a kurkuku a 1939. Zinoviev da Kamenev, an harbe su a 1936. Shliapnikov, wanda mutanensa suka bi sahun masu kai hari Kronstadt don nuna biyayya, an harbe shi a 1937. Tukhachevsky da ya jagoranci harin, shi ma a 1937. Bukharin a 1938. Trotsky, wanda ya sa hannu a takardar wa'adin da aka ba sojojin ruwan, an kore shi daga jam'iyya a 1927 da laifin kafa tsagi, aka bi shi har Meziko aka kashe shi a 1940. Khrushchev, shugaban jam'iyya bayan Stalin, da bakinsa ya shaida wa taron 1956 cewa cikin mutum 139 da aka zaɓa kwamitin tsakiya a 1934, an harbe 98. Da yawa cikin masu ɗaga hannu a 1921 sun ɗauka mataki ne na ɗan lokaci, har gari ya lafa. Dokar ta yi kusan shekara saba'in.

Na san amsar da wasunku za su ba ni, domin ni ma na sha ba da ita. Za ku ce an kewaye juyin ne, ƙasashe fiye da goma sun tura sojoji, yunwa na kashe miliyoyi, wanda ke cikin wuta ba ya zaman shawara. Za ku tuna mini da Indonesiya a 1965 da 1966, inda aka kashe aƙalla mutum dubu ɗari biyar da sunan farautar 'yan kwaminis, da Chile ranar 11 ga Satumba 1973, da sojoji suka kifar da gwamnatin gurguzu ta Allende. Za ku ce Tarayyar Sobiyet ɗin nan da nake suka ita ta rasa kimanin mutum miliyan 27 kafin ta karya Hitler, ita ta ba 'yan gwagwarmayar Angola da Mozambik da Biyetnam makamai lokacin da ƙasashen Yamma ke mara wa 'yan mulkin mallaka baya. Duk gaskiya ne, kuma duk wanda ya yi maganar juyi kamar babu abokin gaba, bai san abin da yake faɗa ba. Inda muka rabu shi ne a kan ko toshe bakin ɗan gida yana ƙara wa juyi ƙarfi a gaban abokin gaba. Ni abin da na gani a tarihi, makantar da shi yake yi.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Lushan, a ƙasar Sin, cikin damina ta 1959. Shekara guda ke nan da fara shirin nan na tsallen ci gaba, an tattara manoma cikin manyan gonakin gama-kai, an sa su narka ƙarfe a bayan gida, jami'ai na aika rahoton girbin da ba a yi ba don kada a ce ba su da kishi. Peng Dehuai, ministan tsaro, wanda ya jagoranci sojojin Sin a yaƙin Koriya, ya je lardinsu na Hunan ya ga halin da manoma ke ciki da idonsa. Ya rubuta wa Mao wasiƙa ta sirri, cikin ladabi, yana cewa an yi ƙari a alƙaluma kuma an yi gaggawa. Mao ya sa aka raba wasiƙar ga mahalarta taron, aka ce Peng jagoran gungun masu adawa da jam'iyya ne, aka tuɓe shi. Sai aka buɗe farautar masu karkata dama a faɗin ƙasar. Daga ranar, wane jami'in gunduma ne zai iya buɗe baki ya ce rumbu babu komai? Gwamnati ta ci gaba da karɓar hatsi bisa alƙaluman ƙarya, har tana sayarwa waje, shekarar 1960 ta zama mafi muni. Ƙiyasin masana na waɗanda yunwar ta kashe ya kama daga miliyan 15 zuwa sama da miliyan 40. Peng ya mutu a tsare a 1974, jam'iyyar da kanta ta wanke shi a 1978. Waɗanda suka biya kuɗin rufe bakin mutum ɗaya manoma ne da ba su taɓa jin an yi wani taro a Lushan ba. Wannan ne ya sa ba na yarda in an ce mini 'yancin mai ra'ayi dabam kayan ado ne na 'yan boko. Ta bakinsa ne kaɗai shugabanni ke jin labarin da ba sa son ji.

Sai batun laƙabi, wanda shi ne cutar da ta fi kama mu a yau. Daga 1928 Kwamintan, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar jam'iyyun kwaminis, ta ɗora wa mambobinta cewa 'yan SPD da ire-irensu 'yan fasist ne cikin rigar gurguzu, su ne ma babban abokin gaba. Ƙiyayyar tana da tushe: jinin Luxemburg bai bushe ba, kuma a watan Mayu na 1929 'yan sandan Barlin, ƙarƙashin shugaba ɗan SPD, sun harbe mutum fiye da talatin. Amma laƙabin ya kai jam'iyyar kwaminis ta KPD ga haɗa ƙuri'a da 'yan Nazi a 1931 don kayar da gwamnatin SPD ta jihar Prussia. A zaɓen Nuwamba 1932, SPD ta sami kujera 121, KPD ta sami 100, 'yan Nazi 196. Jam'iyyun ma'aikata biyu a haɗe sun fi Hitler kujeru. Ba su haɗu ba, kuma laifin na shugabannin ɓangarorin biyu ne. Ranar 30 ga Janairu 1933 Hitler ya zama shugaban gwamnati. Ernst Thälmann na KPD da Rudolf Breitscheid na SPD duk a sansanin Buchenwald suka mutu, a wata ɗaya, Agusta 1944. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga nan labarin ya yi ta maimaita kansa. A Basalona ta ƙasar Sifen cikin 1937, ana tsakiyar yaƙi da Janar Franco, aka haramta POUM, jam'iyyar mabiya Marx masu adawa da Stalin, jami'an asirin Sobiyet suka sace shugabanta Andreu Nin suka kashe shi, aka yaɗa cewa ɗan leƙen asirin 'yan fasist ne. A Habasha, ƙungiyoyin EPRP da MEISON duk daga gwagwarmayar ɗalibai suka fito, duk suna kiran kansu mabiya Marx da Lenin, duk sun yi kiran a ba manomi gonar da yake nomawa. Sun saɓa a kan ko a mara wa gwamnatin soja ta Derg baya ko a nemi gwamnatin farar hula. Daga 1976 suka koma harbin juna a titunan Adis Ababa, Mengistu, jagoran Derg, ya yi amfani da ɗaya ya gama da ɗaya, sannan a 1977 ya juya kan wadda ta rage. A Aden, babban birnin Yaman ta Kudu a lokacin, ranar 13 ga Janairu 1986, a ɗakin taron shugabannin jam'iyya aka fara buɗe wuta, dubbai suka mutu cikin 'yan kwanaki.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Girenada, tsibirin da mutanensa ba su wuce dubu ɗari ba sosai. Daga Maris 1979 gwamnatin Maurice Bishop ta buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci, ta kawo likitoci, ta fara gina babban filin jirgin sama, jama'a na son ta. Amma jam'iyyar ta kasance 'yar ƙarama, mambobinta har da masu jiran shiga 'yan ɗaruruwa ne, kuma a ɓoye take yanke shawara. A Satumba 1983 kwamitin tsakiya ya yanke cewa Bishop ya raba shugabanci da mataimakinsa Bernard Coard. Da ya ja da baya, aka ce ya karya dokar biyayya ga shawarar kwamiti, aka tsare shi a gida. Ranar 19 ga Oktoba dubban talakawa suka fito suka sake shi. A ranar sojoji suka jera shi a bango tare da wasu ministocinsa, har da Jacqueline Creft ta ilimi, suka harbe su. Bayan kwana shida Amurka ta shigo da sojojinta. Jama'ar da da za su tare ta suna cikin makoki. Babu wata hanya da aka tanada da talakan tsibirin zai ce ga wanda yake so tsakanin Bishop da kwamiti, sai ya fito titi ya tari bindiga.

Wasu za su ce ai ana tsaurara horo ne saboda 'yan leƙen asiri, kuma lallai akwai su. To ku tuna da Roman Malinovsky. Mamban kwamitin tsakiya ne na Bolshebik, shi ne jagoran wakilansu a Duma, majalisar dokokin Rasha, kuma duk tsawon lokacin yana karɓar albashi daga 'yan sandan asirin sarkin Rasha. Ba ya cikin masu ja da shugabanni. Ya fi kowa zafi a kan 'yan Menshebik, ɗaya tsagin 'yan gurguzun Rasha, domin iyayen gidansa rabuwar suke so. Da aka fara zarginsa, Lenin ya kare shi, gaskiya ba ta tabbata ba sai da aka buɗe takardun 'yan sanda a 1917. Haka hukumar FBI ta Amurka, a shirinta na COINTELPRO daga 1956 zuwa 1971, ta riƙa ƙirƙiro wasiƙun bogi tana aika wa shugabannin Black Panther, ƙungiyar gwagwarmayar baƙar fata, don su zargi juna. Ɗan leƙen asiri ba ya wahalar da kansa da kare ra'ayin da ba shi da rinjaye. Wurin da ake saurin zargi da saurin kora, nan ya fi jin daɗin aiki.

Ba na son wani tsagi ya karanta wannan ya ce da maƙwabcinsa ake. Ku mabiya Trotsky, kun yi gaskiya a kan Stalin da kan Jamus, kun kuma biya da jininku, amma jagoranku ne a 1920 ya nemi a tafiyar da ma'aikata kamar sojoji a mayar da ƙungiyoyin ƙwadago reshen gwamnati, kuma tun da ƙungiyarku ta duniya ta tsage a 1953 ba ku daina tsagewa ba. Ku mabiya Mao, koyarwar a saurari talakawa a koma musu da abin da aka ji tana da daraja, sai dai ku gaya mana yadda ta kai ga kisan manoma 69 a Lucanamarca ta ƙasar Peru a 1983, kisan da Guzmán, jagoran 'yan tawayen mabiya Mao na ƙasar, ya amsa da bakinsa cewa shugabanni ne suka ba da umarni. Ku masu ƙin gwamnati, gargaɗinku ya tabbata, amma a Nuwamba 1936 ƙungiyarku ta ƙwadago CNT ta tura mutum huɗu suka zama ministoci a gwamnatin Sifen, domin yaƙi ya tilasta mata amsa tambayar da aƙida ta ce babu ita. Ku kuma masu bin hanyar akwatin zaɓe, kuna da abin nunawa a jihar Kerala ta Indiya, inda 'yan kwaminis suka ci zaɓe tun 1957 aka raba gonaki aka yaɗa karatu. Amma gwamnatinku ce a Bengal ta Yamma 'yan sandanta suka harbe mutum 14 a Nandigram a 2007 kan batun karɓe gonaki, kuma a Girka a 2015 jama'a sun ce a'a ga sharuɗɗan tsuke bakin aljihu na masu ba da bashi da kashi 61 cikin ɗari, bayan mako guda jam'iyyar Syriza mai mulki ta sa hannu. Kowa da gawar da ke ɗakinsa. Wanda bai iya kallon tasa ba, ban ga dalilin da zai sa ma'aikaci ya ba shi amanar ƙasa ba.

Yau ba mu da soja, ba mu da kurkuku, amma bakinmu bai canza ba. Wannan ɗan kwaskwarima ne, wancan mai karkatar da aƙida ne, wancan ƙaramin ɗan jari-hujja ne, wancan karen farautar 'yan mulkin mallaka ne. Matashin da ya zo taro don albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, kafin ya gane inda aka dosa an tambaye shi matsayinsa a kan rikicin Stalin da Trotsky na 1927. In ya yi tambayar da ba a so, a manna masa suna, kuma da zarar suna ya manne an huta da amsa hujjarsa. Amilcar Cabral, jagoran yaƙin 'yancin Gine Bisau, ya gargaɗi mutanensa a 1965 cewa jama'a ba don ra'ayin da ke cikin kan wani suke yaƙi ba, suna yi ne don su rayu da kyau cikin salama, su ga 'ya'yansu sun ci gaba. Shi ne kuma ya ce kada a ɓoye wa jama'a komai, kada a yi ƙarya, kada a yi iƙirarin nasarar da ba a sha wuyarta ba. Yana tsakiyar yaƙi da Fotugal ya faɗi haka, ba a zaman lafiya ba.

Ga roƙona. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun yanzu da hannunku babu komai sai takarda da alƙalami, ku rubuta a tsarin mulkin ƙungiyoyinku cewa wanda ya sha kaye a ƙuri'a zai bi shawarar masu rinjaye a aikace, amma yana da haƙƙin buga ra'ayinsa a jaridar ƙungiya, da haɗa kai da masu ra'ayi irin nasa, da sake kawo maganar a taro na gaba. Ƙa'idar nan da kuke taƙama da ita, ta a yi muhawara a sake sannan a yi aiki da murya ɗaya, rabinta na farko ne kullum ke ɓacewa. Shari'ar kora kuma kada ta kasance a hannun shugabannin da aka soka, domin ba a zama mai ƙara kuma alƙali. Duk wanda ya kira ɗan'uwansa ɗan leƙen asiri, ya kawo shaida ko ya janye a gaban taro. Kujerar shugabanci ta kasance da wa'adi, littafin kuɗi kuma a buɗe ga kowane mamba.

Akwai kuma tambayar da nake so kowace ƙungiya ta amsa a rubuce, a shafin farko na jaridarta, cikin kalmomin da mai aikin gini zai gane. Ranar da kuka karɓi mulki, in ma'aikata suka shiga yajin aiki a kan gwamnatinku, me za ku yi? A Novocherkassk ta Tarayyar Sobiyet cikin Yuni 1962 ma'aikatan masana'antar jiragen ƙasa sun fito saboda an ƙara farashi an rage lada, suna ɗauke da hoton Lenin, sojoji suka harbe fiye da ashirin, aka ɓoye labarin kusan shekara talatin. A Foland ma'aikatan tashar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk sun kafa ƙungiyar ƙwadago mai zaman kanta a 1980, mutum kusan miliyan goma suka shiga, aka amsa musu da dokar soja a Disamba 1981. Za ku bar su su kafa ƙungiyar da ba ta ƙarƙashin jam'iyya? Za ku bar wata jam'iyyar ma'aikata ta tsaya takara da ku, in ta kayar da ku ku sauka? In amsarku a'a ce, ku faɗa tun yanzu, mutane su san abin da ake gayyatarsu zuwa gare shi. In i ce, sai mu ga alamarta a yadda kuke yi da mutum goma sha ɗaya da suka saɓa muku a taron mako mai zuwa.

Ni dai na nemi baiwar Allahn nan da muka kora, bayan shekaru, na ba ta haƙuri. Ta karɓa, amma ta ce ba za ta sake shiga wata ƙungiya irin tamu ba. Tana nan tana aikinta a ƙungiyar ƙwadago, ma'aikata na fitowa in ta kira. Ina roƙon ku saka wannan wasiƙa cikin abubuwan da za ku tattauna a babban taronku na gaba, ku kuma ba waɗanda ba su yarda da ita ba lokaci daidai da na waɗanda suka yarda.

Naku a gwagwarmaya,
Wani tsohon mamba da bai ajiye katinsa ba.